Orbit Reader 20 a laburaren makaranta: tana yi, in an shirya mata littattafai

Littafin karatu ɗaya in aka buga shi da rubutun Braille yakan koma kundi uku ko huɗu, shi ya sa kantar ɗalibai makafi ke cika da wuri alhali littattafan ba su taka kara sun karya ba. Wannan giɓin Orbit Reader 20, na'urar lantarki ta karatu da rubutun Braille ta kamfanin Orbit Research da ke Amurka, ta zo cikewa. Nauyinta bai kai rabin kilo ba. Tana da layi ɗaya mai gurabe 20, kowane gurbi da ɗigo 8 masu tasowa su koma, ga maɓallan rubutu irin na Perkins, keken rubutun Braille, ga ramin katin SD. Kati ɗaya ya ishi littattafan aji guda har da ragi.

Ɗigonta ne abin yabo. Suna da tauri, ba sa lotsawa ƙarƙashin yatsa, kuma yaron da ke koyo, wanda har yanzu yake danne rubutu da ƙarfi, zai ji bambancin nan take. Amma layin ba ya sauyawa gaba ɗaya. Daga hagu yake bi zuwa dama, da 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na'ura biyar a ɗakin karatu mai shiru, kowa zai san ana aiki.

Inda makarantu ke tuntuɓe shi ne fayil. Samfurin farko ba ya juya rubutu zuwa taƙaitaccen Braille, wato mai gajarta kalmomi, da kansa, sai samfurin 20 Plus da ya biyo baya aka sa wa wannan. Don haka ma'aikacin laburare ne zai juya littafin a kwamfuta da manhajar Duxbury ko ta BrailleBlaster, wadda kyauta ce, ya adana shi a matsayin BRF, wato fayil ɗin Braille, ya zuba a katin cikin foldar kowane aji. In rubutun Hausa ne, a fara gwada shafi ɗaya mai ƙ, ɗ da ɓ, malamin Braille ya shafa ya tabbatar kafin a juya sauran, domin a kan waɗannan haruffa ake yawan samun shirme.

Na'urar ba ta da maɓallan da ke kai ɗalibi kan harafin da yake son gyarawa, sai ya bi da kibiya ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan na cin lokaci a doguwar insha'i. Taswira, jadawali da lissafin da ake jerawa sama da ƙasa kuwa sun fi ƙarfin layi ɗaya, takarda tana nan da aikinta.

Tana haɗuwa da waya ko kwamfuta ta Bluetooth ko USB, tana aiki da NVDA da VoiceOver, manhajojin da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta: in ta shiga ramukan, ɗigo ya maƙale, harafi ya canza. A riƙa sa ta a jakarta, a goge da busasshen ƙyalle mai laushi, kada ruwa ko mai ya kusance ta, yara kuma su wanke hannu su bushe kafin a ba su aro.