Faifan KOD na J. Cole: yana da daɗin ji a garmaho, amma ba kowane inji ke ɗaukarsa ba

Kundin na J. Cole, mawaƙin rap ɗan Amurka, ya fito ranar 20 ga Afrilu 2018, waƙoƙi 12, minti 42 da 'yan kai. Ko mako biyu ba a yi ba gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Don haka duk wanda ya san abin da kwalba da taramol suka yi wa samarin Gombe ba zai ji zancen nan baƙo ba. Cole ya ɗauki shaye-shaye, son kuɗi, neman suna da maitar waya a matsayin ciwo ɗaya. "Once an Addict", inda ya faɗi yadda giya ta kama mahaifiyarsa, ita ta fi taɓa zuciya. "1985" kuwa nasiha ce ga ƙananan mawaƙa waɗanda suna ya ruɗa. Akwai ashar a ciki, ba na kunnawa gaban yara ba ne.

Amfanin faifan garmaho a nan shi ne ba a tsallake waƙa da yatsa. An jera su ne don a bi daki-daki, kuma muryar kiLL edward, wato shi Cole ɗin da aka kaurara masa murya, tana fitowa da nauyi mai kyau.

Matsalar tana wajen kiɗan. Ƙasansa, wato sautin bas, yana da kauri, ƙananan injinan nan masu kama da akwati kuma allurarsu tsalle take yi. Ku nemi inji mai hannun da ake saita nauyinsa. Yawancin kawunan allura na maganaɗisu suna son giram 1.5 zuwa 2.5, amma a bi abin da kamfanin ya rubuta. In ya yi sauƙi ta yi tsalle, in ya yi nauyi ta cinye layin faifan. Kada lasifika ta zauna a teburi ɗaya da injin, girgizarta na komawa cikin allura ta haifar da gurnani.

A kula da injin da aka kawo daga Amurka. Wutarsu bolt 120 ce da 60Hz, wato bugun wuta sau 60 a daƙiƙa, tamu 230 da 50Hz. Tiransifoma na gyara ƙarfin wuta kawai. In motar da ke juya faifan irin mai bin bugun wuta ce, juyi 33⅓ a minti zai sauko kusan 28, sai kowace murya ta yi kauri, mutum ya zaci haka aka yi waƙar. Wutar janareta ma tana sa gudun juyin ya riƙa rawa.

Sai yanayinmu. Zafin Maris da Afrilu yana lanƙwasa faifai, musamman a mota ko kusa da taga, kuma da wuya ya miƙe. A ajiye shi a tsaye cikin rigarsa, ba a jibge ba. Ƙurar hunturu ita ke kawo ƙas-ƙas ɗin da ke ɓata wuraren da kiɗa ya lafa, irin na buɗewar kundin. A share da burushi mai laushi kafin kowace kunnawa, a riƙe ta gefe, in za a wanke a sa tataccen ruwa, don na rijiya yana barin gishiri a layi.

Mai inji nagari ya saya. Mai ɗan akwati ya fara canza inji tukuna.