Locke ko Rousseau: Wa Ya Fi Cancanta a Bi?

Masana falsafa John Locke na Ingila da Jean-Jacques Rousseau ɗan Geneva sun haɗu a kan cewa mulki yarjejeniya ce da jama'a. Daga nan hanya ta rabu.

A 1689 Locke ya ce aikin gwamnati shi ne tsare rai da 'yanci da dukiya, in ta ci amana a tuɓe ta. Amurkawa sun rungumi wannan a 1776, lokacin da suka ayyana 'yancin kansu. Abin takaici, Locke kansa ya zuba jari a Royal African Company, mai jigilar bayi daga Afirka ta Yamma.

Rousseau kuwa, a 1762, ya ɗora mulki a kan muradin jama'a baki ɗaya. A ganinsa wakilai ba su isa su tsaya a madadin talakawa ba, kuma wanda ya bijire a tilasta masa. Ya rasu a 1778, amma Robespierre, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin Faransa, ya ɗaukaka shi, har masu suka ke jingina wa Rousseau kisan gillar 1793 zuwa 1794 a Faransa. Wannan zargin ya yi tsauri.

Duk da haka na fi karkata ga Locke, domin shi ya gindaya wa gwamnati iyaka.