Tiren katako: na inji ko na gizago?

'Yar'uwa, kafin ki biya kuɗin tiren katako, ɗora shi a kan tebur ki danna gefensa da yatsa. In ya yi rawa, mayar wa mai shi abinsa. Ni da kuɗina na koyi wannan. Na sayi wani a kasuwar Sabon Gari cikin watan Agusta, sai sheƙi yake, amma kafin Janairu ya ƙare hunturun Zariya ya tsaga shi daga baki har tsakiya. Da ɗanyen katako aka yi shi, yana bushewa ya karkace.

Na inji shi ne wanda ake ɗaure katako ya yi ta juyawa, mai aikin ya kafa kaifin ƙarfe yana fere shi. Zagayensa cif, ba nauyi, cikinsa a shafe, kofunan shayi su zauna daram. Kifa shi ki duba gindin, nan inji ya riƙe, kuma nan ake ɓoye ramukan ƙusa da garin katako da gam. Na masassaƙi kuwa ɗan'uwan akushi ne: ga kauri, ga nauyi, ga sawun gizago kina ji a tafin hannu. Yana jure wahala, sai dai kofi bai cika zama daidai a kansa ba. Mai kusurwa huɗu aikin kafinta ne, haɗi ne, ruwa na shiga ya buɗe.

Sai icen kansa. Ni maɗaci nake zaɓa, jaja-jaja, yana karɓar gyara sumul. Malaina fara ce, mara nauyi, ta fi araha, amma wuƙa na taɓa ta ta bar tabo. Maɗobiya ta fi su kyan zane, ga tsada. Yawan saranta ana kaiwa Sin ya sa tun 2017 aka taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe.

Kada sheƙin fenti ya ruɗe ki, gindin buta mai zafi kan bar masa farin tabo, daga baya ya fara ɓarewa. Wanda aka goga wa kakin zuma ya fi dacewa da abinci.

In kayan ɗakin amarya kike haɗawa, ki dakata sai Fabrairu ko Maris. Tiren da ya sha hunturu guda a shago bai tsage ba, shi za ki ɗauka.