Honda Fit ko Mazda Roadster a Gran Turismo 7

Duk wanda ya fara wasan tseren mota na Gran Turismo 7 a PS4 ko PS5, Honda Fit Hybrid na cikin motoci uku da ake ba shi zaɓi tun farko, tare da Toyota Aqua da Mazda Demio. Tayoyin gaba ke jan Fit ɗin, shi ya sa ko ka danna totur da ƙarfi a tsakiyar kwana ba za ta juya da kai ba, sai dai hancinta ya ƙi shiga kwanar ta nufi gefen titi, ka ɗaga ƙafa kaɗan ta dawo hanya. Gudu kam babu, kamar mai tafiya cefane.

Ita kuwa Mazda Roadster tayoyin baya ke tura ta, ga ta ba nauyi, sitiyarinta na jin magana sosai amma wallahi in ka yi gaggawar ba ta wuta kafin ka miƙe daga kwana sai bayanta ya zame ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito. A nan ake koyon taka birki da wuri da lallaɓa totur.

Ni dai Fit zan ba sabon shiga na kwana biyu uku, ya san titi tukuna, daga nan ya koma Roadster ya daɗe a kanta.