Hattara da masu tallar "kayan suga na zuwa biki": agogon bogi da firijin da babu shi

Wannan gargaɗi ne ga 'yan uwa masu ciwon suga da ke zaune a Birtaniya, musamman ɗalibai, da kuma iyayen da ke da yara a can. Daga Yuni zuwa Agusta ake yin manyan bukukuwan kaɗe-kaɗe waɗanda ake kwana a fili cikin tanti: Download a Donington Park, Glastonbury a gonar Worthy da ke Somerset a ƙarshen Yuni, sai Reading da Leeds a ƙarshen Agusta. Wasu kallo ke kai su, wasu kuma aikin gadi ne, ko kwashe shara, ko sayar da abinci don samun na kashewa. Ko ma mene ne ya kai mutum, kwana huɗu ko biyar zai yi babu firij, babu wurin caji a kusa, babu ƙofar da zai kulle.

Mai allurar insulin yana da fargaba biyu a irin wannan wuri: kada zafi ya lalata masa magani, kada ɓarawo ya ɗauke jakar da maganin ke ciki. 'Yan damfara sun san da haka. Shi ya sa da lokacin ya ƙarato za ka ga talla a Facebook, Instagram da TikTok, ko saƙo a zauren WhatsApp, ana tallar kaya a dunƙule: agogon da ke auna suga ba tare da huda yatsa ba, jakar sanyaya insulin, sensa (na'urar auna suga da ake mannawa a fata) mai rahusa, har da "kama maka gurbi a firijin filin biki". Idan ka ware su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kowanne ko dai ba ya aiki, ko ba ka buƙatarsa, ko kuma kyauta ake ba da shi.

Agogon ya fi komai hatsari. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito fili ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sugan jini da kansa ba tare da huda fata ba. Koren hasken da ke ƙarƙashin irin waɗannan agogo bugun zuciya yake bi. Lambar sugan da ke fitowa a fuskarsa ba abin dogaro ba ce. Kada a ruɗe ka da hoton wani sanye da Apple Watch yana nuna suga: wannan agogon allo ne kawai, sensar Dexcom da ke manne a jikin mutumin ce ke aiko masa da lambar.

Ga yadda abin ke kai mutum ƙasa. A filin biki ana tafiyar ƙasa mai nisa, ana rawa, ana cin abinci ba kan lokaci ba, duk waɗannan suna saukar da suga. Agogo ya nuna maka 6 (a ma'aunin mmol/L na Birtaniya) alhali kana kan 3.5, sai ka ɗauka jirin da kake ji gajiya ce. Ko ya nuna 15 alhali kana kan 7, sai ka ƙara allura don gyara. A jikin manya da yawa, yunit ɗaya na insulin mai saurin aiki kan sauke suga da maki 2 zuwa 3. Yunit uku a kan 7 ya isa ya kayar da mutum. Kuma wanda ya faɗi a tsakiyar taro irin wannan, abin da zai fara zuwa wa jama'a a rai shi ne ya bugu ne. Don haka ka ɗaura awarwaro ko ka rataya katin da ke nuna kana da ciwon suga, ka kuma nuna wa abokin tafiyarka inda allurar glucagon, ta gaggawa mai ɗaga suga, take da yadda ake yin ta.

Sai batun sanyi, inda aka fi ruɗa mutane. Insulin ɗin da ba a buɗe ba wurin ajiyarsa firij ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Amma alƙalamin allurar insulin da ka fara amfani da shi yana iya zama a waje kusan kwana 28, wasu ma fiye, matuƙar zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba, gwargwadon abin da takardar cikin kwalin ta faɗa. Wato tafiyar kwana biyar ba ta buƙatar firij ko kaɗan. Abin da take buƙata shi ne kada maganin ya dahu, kada kuma ya daskare. Tanti kuwa, ko a Ingila, da rana ta buge shi sai ya koma kamar tanda, ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Cikin mota a wurin fakin ya fi haka muni.

Jakar da masu tallar nan ke turowa yawanci 'yar jaka ce da ƙullin ƙanƙara a ciki. Matsalarta biyu ce. A sa'o'in farko alƙalamin yana jingine da ƙanƙara, yana iya daskarewa, insulin ɗin da ya taɓa daskarewa kuwa ya tashi daga aiki ko da ya narke ya koma garau a ido. Bayan rabin yini ƙanƙarar ta zama ruwa, babu inda za ka sake daskarar da ita. Ƙaramin firiji mai caji da ake haɗawa da shi ma haka: yana zuƙe batir, kuma mai arha ba shi da abin daidaita sanyi. Idan ka riga ka saya, sa ma'aunin zafi a ciki ka bar shi yini guda a gida kafin ka amince masa da maganinka.

Abin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne jakar da ke sanyaya ta hanyar tururin ruwa, irin FRIO. Dabarar randa ce, ba wani abu ba. Ana jiƙa ta cikin ruwa na 'yan mintoci, ƙwayoyin da ke cikinta su kumbura, ruwan yana fita a hankali yana tafiya da zafi, ta riƙe sanyi kusan kwana biyu, sannan a sake jiƙawa a famfo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cusa ta cikin leda a ɗaure baki don kada ta jiƙa kaya. Randar da aka naɗe da leda ba ta sanyaya ruwa. A bar ta a aljihun jaka mai raga inda iska ke ratsawa. Ita ma ana kwaikwayonta, don haka a saya a kantin magani ko shafin kamfanin.

Yanzu "gurbin firij" da "akwatin ajiya". Mutum zai turo maka hoton wata takarda mai tambarin bikin, ya ce gurbi kaɗan ya rage, ka tura kuɗi yau. Babu wani ɗan tsakani da ke da hurumin sayar da wannan. Manyan bukukuwa suna da rumfar likitoci da sashen kula da masu lalura ta musamman, nan ake tambayar ajiyar magani, ta adireshin da ke shafin bikin na ainihi, makonni kafin ranar. A Glastonbury rumfunan ajiyar kaya kyauta ne, dare da rana suke aiki, 'yan sa-kai ke kula da su. Inda ake biyan kuɗin akwatin ajiya kuwa, ta shafin bikin ake kamawa. Rubuta adireshin shafin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka.

Sau da yawa mai tallar kayan nan yana da tikiti ma "na ƙanwarsa da ta fasa zuwa". Tikitin Glastonbury yana ɗauke da hoton wanda ya yi rajista, ba a mayar da shi sunan wani, kuma See Tickets kaɗai ke sayar da shi. Shekarar 2026 ma ta hutun gona ce, babu bikin. Ga sauran bukukuwa, a tsaya kan dillalin da bikin ya ambata ko mamban STAR, ƙungiyar dillalan tikiti ta Birtaniya.

Sensa da tsinken gwaji masu rahusa su ma akwai magana. FreeStyle Libre 2 kwana 14 take yi, Libre 2 Plus kwana 15, Dexcom G7 kwana 10. Sensar da aka taɓa kunnawa ba ta komawa sabuwa, kuma ta wata ƙasa tana iya ƙin aiki da manhajar da ke wayarka. Tsinken da ya sha zafi ko laima yana ba da lambar ƙarya, ba kuma za ka gane da ido ba. Tun a 2019 FDA ta yi gargaɗi kan sayen tsinken da ya fito daga hannun wani. Insulin kuwa a Birtaniya sai da takardar likita. Duk wanda ke sayar da shi a Facebook ya karya doka, kai kuma ba ka san kwana nawa ya yi a bayan mota ba. Abin takaicin shi ne babu dalilin sayen: a Ingila mai ciwon suga da ke kan magani yana karɓar magungunansa kyauta idan ya cike takardar yafe kuɗin magani a wurin likitansa, a Sikotland da Wales kuwa kowa kyauta ne. Kantin magani na intanet ana duba rajistarsa a shafin GPhC, hukumar da ke rajistar kantunan magani.

Yadda suke karɓar kuɗi ma ya isa shaida. Za su ce ka tura kai tsaye ta banki, ko ta PayPal a sashen 'yan uwa da abokai "don a kauce wa caji". Wannan sashen ba shi da kariyar mai saye. Katin bashi yana da kariyar sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ga kayan da kuɗinsu ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000, katin cirar kuɗi kuma ana iya neman banki ya janyo kuɗin. Idan ka riga ka tura, buga 159 ya haɗa ka da bankinka nan take. Tun 7 ga Oktoban 2024 doka ta ɗora wa bankuna mayar da kuɗin irin wannan zamba har fam 85,000, kodayake suna iya cire fam 100. Ɗauki hoton tallar da hirarku kafin a goge shafin. A kai ƙara a layin rahoton zamba, 0300 123 2040, a Sikotland kuma layin 'yan sanda, 101. Jabun magani ko na'ura ana sanar da hukumar kula da magunguna, MHRA, ta tsarin kai rahoto na Yellow Card.

Shirin da ya kamata ba shi da tsada. Ɗauki ninki biyu na duk abin da kake buƙata: insulin, allurai, tsinke, sensa, da kayan famfon insulin idan kana amfani da shi, tare da alƙalami na ko-ta-kwana. Raba su gida biyu. Kaso ɗaya a jakar ƙugu da ke gabanka, ɗayan a rumfar likitoci ko wurin abokin tafiya. Riƙe wasiƙar likita da kwalin maganin mai sunanka, domin ana bincike a ƙofa, kuma an hana shiga da kwalba a wurare irin Glastonbury. Ka tafi da ɗan kwanon zuba allurar da aka yi amfani da ita.

Kada ka sa wa tanti kwaɗo. Reza ɗaya ta yanka shi, kwaɗon kuma sanarwa ce cewa akwai abin ɗauka. Da dare waya, kuɗi da na'urar gwaji su kwana a can ƙasan buhun barcinka, wajen ƙafa. Ɓarawo ba insulin yake nema ba, jakar ce ta yi masa kama da ta kuɗi, shi ya sa bai kamata magani da walat su zauna wuri ɗaya ba. Wanda wayarsa ce ke karanta masa sensa, ranar da aka sace ta ya rasa ma'auninsa, don haka na'urar huda yatsa da batirinta dole ce. Danna *#06# ka rubuta lambar shaidar wayar, wato IMEI, a takarda tun a gida. Bayan sata kuma akwai tarko na biyu: saƙo zai shigo layinka ko lambar da ka bayar don a neme ka, wai an gano wayarka, ka shiga wani mahaɗi ka sa kalmar sirri. Ɓarayin ne ke neman buɗe ta. Tura saƙon zuwa 7726, lambar kai rahoton saƙon zamba, ka goge.

Idan suga ya sauka ƙasa da 4, a sha giram 15 zuwa 20 na sukari mai saurin shiga jini: ƙwayar gulukos mai giram 4 guda huɗu ko biyar, ko mililita 150 zuwa 200 na ruwan 'ya'yan itace. A sake gwadawa bayan minti 10 zuwa 15, sannan a ci abu mai riƙe ciki kamar biredi. A lura Lucozade ya rage sukarinsa kusan rabi tun 2017, tsohon awo ba zai wadatar ba. Cakulan ma ba ya sauri saboda kitsen da ke cikinsa.

Alamar insulin ya lalace ita ce suga ya hau ya ƙi sauka bayan allura. Canza sabon alƙalami, ka auna kiton, sinadarin da ke taruwa a jini idan jiki ya rasa insulin. Daga 0.6 zuwa 1.5 a sha ruwa a sake aunawa bayan awa biyu. Daga 1.6 zuwa 3 a nufi rumfar likitoci. Sama da 3, ko amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, na gaggawa ne, a kira ma'aikatan lafiyar filin ko 999.

Idan kuwa an sace jakar gaba ɗaya, kada ka rubuta a zaure kana cigiyar mai sayar da insulin, domin irin waɗannan mutane ne za su fara amsa maka. Je rumfar likitoci kai tsaye, ko ka buga 111 a tura ka kantin maganin da zai ba ka na gaggawa. Za su tambaye ka sunan insulin ɗin da adadin yunit ɗin da kake yi, don haka rubuta su a takarda ka sa a aljihun da ba na waya ba.