Gargaɗi ga maza: mai man shafawa ya cinye min Naira 134,000

Kwana huɗu ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce sai na faɗa. Naira 134,000 wani mutum ya karɓe min a kan man shafawa, ya bar ni da ƙuraje a ƙirji da fata da ta sirance har jijiyoyi na nunawa. Dubu ɗari da talatin da huɗu, kuɗin makarantar yarana biyu ne na zangon nan.

Kafin wani ya ce ganganci na yi, shekarata 19 ina kasuwa a Taminus a garin Jos. Na san jabu, daga riƙe kwali nake gane caja ta bogi. Ban taɓa sayen maganin maza a wurin masu lasifika a tasha ba, ko sau ɗaya. Wannan mutumin ba irinsu ba ne. A TikTok na gan shi da farar riga, Hausarsa tsaf, ba batsa a bakinsa. Ya ce man na ganye ne zalla, yana ɗauke da sinadarin kirisin da ake samu a furen wata shuka da cikin zuma, yana hana jiki juya testosteron, wato sinadarin maza, ya koma isturojin na mata. Ya ce shi ya sa tumbi ke fitowa, ƙirji ya ciko, kuzari ya ragu. Duk abin da ya lissafa ina da shi. Na ma bincika a waya, na ga kirisin ɗin gaskiya ne akwai shi. To ina laifina?

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar farko. Ni na ce ya ba ni roba shida, ya ƙi. Ya ce, "A'a Yaya, kada ka zuba kuɗinka, fara da ɗaya ta 18,000 ka gani tukuna, amana ce tsakaninmu." Ya ƙi karɓar kuɗina fa. Har ya ce bari ya yi La'asar ya dawo mu ƙarasa. Wane ɗan damfara ne ke mayar da kuɗi? A nan zuciyata ta kwanta. Saƙon muryar yana wayata, na saurare shi ya fi sau ashirin, "kada ka zuba kuɗinka".

Robar farko ta zo daga Abuja a mota, na karɓa a tashar Bauchi Road. Lokacin hunturu ne, kun san sanyin Jos yadda yake busar da jiki. Cikin mako guda kaushin jikina ya kwanta, ƙaiƙayi ya tafi, fata ta yi sumul. Na ɗauka aiki ya fara. Shi ne na tura 110,000 na roba shida, da 6,000 kuɗin aike. A'a, 6,000 ɗin kashi biyu ne, 3,000 a farko 3,000 daga baya, rasit duk suna nan, zan ɗora su. 18,000 da 110,000 da 6,000.

Maman yara ce ta fara gani, ta ce, "Maigida, me ya sami ƙirjinka?" Nankarwa ja ta fito min har hammata. Amma tun kafin nan ma, ranar da ruwa ya jiƙa robar a banɗaki takardar jikinta ta ɗago, na ga alamar an kankare wata a ƙasa. Na tura masa hoto, ya ce kamfani ne ya canza kwali. Na yarda, don mutumin da ya ƙi karɓar kuɗina ne.

Likitan da na gani ya duba fatar ya ce alamar sitiroyid mai ƙarfi ce, irin wanda ake zubawa a man bilicin, shi ke sa fata laushi da farko sannan ya cinye ta. Ya ce kirisin yana hana wannan juyin ne a kwalbar gwaji, amma ba a tabbatar yana ƙara wa namiji testosteron a jiki ba. Ya ce kitsen tumbi da kansa yana juya testosteron ya koma isturojin, kuma da gwajin jini da safe ake sanin matsayin mutum. Gwajin nan ko kusa da 134,000 bai kai ba. Lambar NAFDAC da ke jikin robar muka duba a Greenbook, wato shafin hukumar na intanet mai jerin magungunan da ta yi wa rajista, babu ita sam.

Na kira shi, ya ce guba ce ke fita, in ƙara shafawa, har yana min tayin sabulu na 25,000. Da na ambaci NAFDAC sai ya toshe lambata. Jiya na gan shi da sabon suna, farar rigar dai ita ce.

Kada ku saya. Ku duba lamba, ku yi gwajin jini.

Hotunan hirarmu da rasit zan ɗora da dare idan na rufe shago, har da saƙon muryar nan. Roba huɗu da suka rage suna cikin leda, ranar Litinin zan kai su ofishin NAFDAC da hannuna. Ban yafe ba, 134,000 ɗina Allah ya isa.