Hattara da mai tallan wayarin ɗin akori-kura a Facebook

Salam jama'a. Masu tsohuwar Peugeot 504 akori-kura da masu niyyar tada ta, da ku nake, don abin da ya same ni ba na so ya samu wani.

Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, kuma har yau injinta lafiya lau, matsalarta ɗaya wayarin. Robar jikin wayoyin ta bushe, ka taɓa ta ruguje kamar busasshen ganye, ga ɓera ya yi nasa aikin a bayan dashbod, kullum fis na ƙonewa, in ka kunna tirafiketa fitilar birki ta amsa. Rewayan da ke duba min ita ya ce Alhaji facin nan ya isa haka, a nemo wayarin sukutum a canza. To ana cikin haka na ci karo da wani shafi, hotuna masu kyau, wayoyi a naɗe baƙi wuluk suna sheƙi, wai ragowar kayan sito ne tun zamanin da ake haɗa 504 a Kaduna, ba a taɓa ɗaura su a mota ba. Ni kuma na san kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci tun 1975 kuma ya daɗe yana fitar da 504, sai maganar ta shige ni, na ce ai ba abin mamaki ba ne a samu ragowa.

Muka koma WhatsApp ni da mai shafin. Bakinsa kamar zuma, ranka ya daɗe kaza, Alhajina kaza, saura guda biyu kacal kuma wani daga Maraɗi ya riga ya yi magana. Yanzu da nake tunawa, ko sau ɗaya bai tambaye ni motar fetur ce ko dizal ba, alhali wayarin ɗinsu ba ɗaya ba ne, mai fetur tana da wayar kwayil, mai dizal tana da ta hita mai ɗumama inji kafin ya tashi. Bai tambayi shekara ba, bai tambayi ɓangaren sitiyari ba, kuma akwai 504 da aka haɗa a Kenya masu sitiyari a dama, wayarsu ba za ta zauna daidai a tamu ba. Mai kaya na gaskiya shi ke damunka da tambaya. Wannan lambar akawun kawai ya turo, na tura dubu 85, bayan kwana huɗu direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo.

Ranar da muka baje shi a ƙasa kusa da motar, rewaya ya yi shiru, ya ɗaga shi ya jinjina a hannu ya ce wannan bai yi nauyi ba. Ya ja reshen da ke zuwa fitilun baya, ya ƙare tun kafin ya kai ƙarshen bodi, soket ɗin ma na fitilar salun ne ba na akori-kura ba. Sai ya ɗauko reza ya fara warware baƙin tef ɗin, wallahi nan na ji cikina ya juya. Tef ɗin ne kaɗai sabo. A ciki tsohon wayarin salun ne da aka yanko daga motar da aka kashe, an jona guntu-guntu, an murɗa da hannu ko dalma ba a sa ba, wani wurin jona uku a waya ɗaya. Wayoyin Peugeot na asali lamba ake buga musu a jiki, da ita ake bin zanen wayarin a san wacce ta tafi ina, to rabin waɗannan babu lamba ko ɗaya, sababbin wayoyi ne aka cusa.

Kuma sababbin su ne mugun abin. Ka fere robar ka ga ja kamar jan ƙarfe, amma da ya kankare silin da reza sai ga fari fat a ciki, alminiyon ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Ya kunna laita ya kara, nan take silin ya lanƙwashe ya zube, na tsohuwar wayar motar kuwa ya yi ja ya tsaya a yadda yake. Alminiyon ba ya iya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe mai kaurinsa, ya fi shi saurin yin zafi, kuma yana karyewa da jijjiga, a hanyoyinmu kuwa kun san zancen. Da irin wannan suka yi babbar wayar da ke tsakanin altaneta da batir, wadda a tsofaffin motocin nan ba ta bi ta kan fis. Ku ƙiyasta mota ɗauke da buhunan gyaɗa da dare, fitila a kunne, waya na dahuwa a ƙarƙashin tef.

Na kira mai tallan, da farko ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren ɗauko wani, in ƙara dubu 15 na mota a aiko na gaskiyan. Da na ce a dawo min da kuɗina sai ya toshe ni. Shafin ya canza suna, amma hotunan su ne dai, wayarin a shimfiɗe kan shuɗin buhu, yanzu har da na Hilux da Land Cruiser yake talla.

In dole sai ka saya daga nesa, a yi bidiyo kol, ya warware tef a wuri biyu da kai ka zaɓa, ya kankare waya a gabanka, ya nuna lambobi da soket ɗin baya, ya auna tsawo da awo. In ba haka ba ka ɗauki tsohon naka da rewayanka ku shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ku gwada reshe da reshe kafin kuɗi ya fita. Kar ka yar da tsohon ko ya ruɓe, shi ne ma'auni.

Ni dai yanzu mun kafe tsohon da ƙusa a kan falanki, mun sayo waya yadi-yadi, kowace sai an kankare ta a shago, rewaya yana bi yana sakewa ɗaya bayan ɗaya da soket ɗin asali. Yau kwana tara, mun gama gaba, saura baya.